Lambar da Ba Ta Rabuwa, da Ni da Na Yi Saura

Jama'a, yau da jarka biyu a bayan babur na wuni, ni da na yi wa unguwa shelar na gama da jarka har abada.

Ga yadda aka yi. Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara masa rumfa da lasifika, ya ce kowane gida a Zongo zai samu famfo. Yaransa suka zo da jan fenti suka rangaɗa wa ƙofata lamba: 100003. Uwargida Su'ada, wadda bayanta ya gaji da dakon ruwa, ta ce in je in ji ko wannan lamba ta kusa ce ko ta bayan ranmu.

Na kira maƙwabcina Mushe Rafi'u, malamin lissafi a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Maigida, ka yi sa'a, wannan ai nombre premier ce."

Faransancina na kasuwa ne, amma na san premier, wato na farko. Ban tsaya jin sauran ba. Na sallami Kalla mai turo mana gangar ruwa, har da yi masa nasiha ya nemi wata sana'a. Na haƙa ramin bututu daga zaure har madafa. Su'ada ta soya ƙosai ta raba wa maƙwabta, ni kuwa ina tafe ina tausaya wa na biyu da na uku.

Damina ta zo ta wuce, ramin ya zama gidan kwaɗi. Da na koma wa Mushe da faɗa, dariya ta kusa kayar da shi daga benci. Ya ce shi ba layi yake nufi ba. Wai lamba ce mai taurin kai, ba ta rabuwa daidai da kowace lamba sai da ɗaya ko da kanta, kuma a cikin lambobi irinta masu gida shida a lissafi ita ce ƙarama. Mara ce, ba cika ba. In ka kasa ta biyu, saura ɗaya. Kashi uku, saura ɗaya. Kashi bakwai ma haka. Ya ce masana na ji da irinta. Na ce masanan su zo su yi wanka da ita.

Jiya na tafi wajen kwamitin aikin. Shugabansu, Ranka ya daɗe Sarkin Gobe, ya karɓe ni cikin sanyin ofis da ya isa daskarar da rijiya, ga ruwan gora jere a gabansa. Ya ce lambata ce ta ƙarshe, kuma saboda adalci an raba gidajen shiyya bakwai daidai wa daida, kada wani ya yi ƙorafi.

"To ni ina wace shiyya?"

Ya latsa na'ura, ya sake latsawa. "Alhaji, gida ɗaya ne ya yi saura. Za mu kafa masa ƙaramin kwamiti."

Wallahi raina ya ɓaci, don ban san da wace fuska zan shiga gida ba. Amma a yaba musu, ban taɓa ganin rabon da ya fita tsaf haka a hannun manya ba.

Af, duk wanda ya haɗu da Kalla, ya gaya masa nasihar nan wasa nake yi.