Kamu Uku da Taƙi Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kayan jeren autata ba. Ko na so in manta, akwai mutanen wani ƙauye a wajen Makoɗa da har gobe in sun hango ni a kasuwa sai su sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A shekarun nan ne da komai ya yi tsanani. Man fetur ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa sun koma cin abinci sau biyu. Wata takwas kafin ranar, uwar yarana ta rasu. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta bar min yarinya ɗaya da ba ta yi aure ba, Hadiza, wadda muke kira Auta. Ta kuma bar kayan ɗakin da ta daɗe tana tara mata: gadon katako, katifa a cikin ledarta, kwanuka da tasoshi, da wani kabad mai gilashi da ta sayar da tumakinta ta saya. Da aka sa ranar bikin, abu ɗaya ne a raina: kayan nan su isa gidan miji lafiya, yarinyar ta shiga da mutuncinta, kada dangin miji su dube ta su ce da ganin wannan ba ta da uwa.

Ina da mota. Na yi shekaru ina tuƙi a wani aikin gona, da aka rufe shi aka yi gwanjon motoci, sai na samu tsohuwar jif, irin wadda in ka sa mata wata giya tayoyinta huɗu duk suke ja. Mu direbobi giyar yashi muke ce mata. Tun da mai ya yi tsada motar take ajiye a gindin darbejiya (kaji sun yi ƙyanƙyasa biyu a ƙarƙashinta). Hanyar ƙauyen angon yashi ce, ga rafi, masu motocin haya ba sa son ta. Sai na ce ni zan kai. Abin da ya rage shi ne kariya, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman mota don ɗora kaya, domin gado da kabad ba za su shiga ciki ba.

Na yi kwanaki ina zaɓe. Wani direban bas ya ce zai ara min tasa, na je na ga tsatsa ta cinye ƙafafunta. Aka ce akwai na gwanjo a Kano, farare masu kyau marasa nauyi, amma da na ji bayaninsu na gane an yi su ne don masu ɗora akwati ɗaya su tafi hutu, ba don kabad ba. Na tsaya a kan mai walda. Akwai Sale Dogo a Tsanyawa, kowa ya yarda da aikinsa.

Ranar kasuwa na hau bas na same shi.

"Baba, ai da ka kawo motar na gwada," in ji shi.

"Man zuwa da komawa fa? Na auno ta."

"Da me?"

"Da hannuna. Faɗi kamu uku da taƙi ɗaya, tsawo kamu biyar."

Kamu, ga wanda ya taso da tef, daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa, taƙi kuma daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an ware su. Da shi iyayenmu suka auna yadi da ɗaki, ba wanda ya yi kuka. Sai dai ni gajere ne, shekara talatin ina tuƙi da matashi a ƙarƙashina. Shi kuwa Sale ba a banza ake ce masa Dogo ba, sai ya rusuna yake shiga masallaci. A gabana ya ɗauko ƙarfe, ya shimfiɗa wannan hannu nasa a kai, ya yi alama da alli. Ina kallo. Har na ce, "Madalla." (Ko tsohuwar da za ta sayi labule, zare take ƙullawa ta tafi da shi. Wannan bai zo min ba.)

Ban tsaya nan ba. Na ce ya sa min ƙugiyoyi a gefe da gefe, shida shida, masu kaurin yatsa, su kalli waje, don ɗaurin igiya ya yi sauƙi. Wannan dabarata ce, ba ta Sale ba, gara in faɗi gaskiya.

Saura kwana biyu jere aka kawo kariyar a amalanke. Maƙwabta huɗu suka taya ni ɗora ta. Ta zauna a kan motar kamar an kifa faifai a kan kofin shayi. Ƙafafun da ya kamata su kama bakin rufin suna can a iska, ba abin da suke taɓawa. Na kira Sale a waya.

"Ai har gyara na yi maka, Baba," in ji shi cikin jin daɗi. "Taƙi ɗaya na ƙara, tunda hidimar marainiya ce."

Na yi masa godiya. Me zan ce?

Ba lokacin mayarwa. Na gitta azara biyu a kan rufin, na ɗora kariyar, na ɗaure da roba da igiya ta cikin tagogi. Yayata Asabe, wadda ita ce ta tsaya a madadin uwar amarya, ta fito ta zagaya motar sau ɗaya.

"Kai, wannan kariya ce ko rumfar masu tsire?"

"Za ta kai, Yaya."

"Za ta kai mu lahira dai. To ji nan. Uban amarya ba ya zuwa jere, ka sani. Direba muka ɗauke ka. A bakin gari za ka sauke mu ka juya, kada wanda ya ga ƙeyarka."

Na ce to.

Ranar Juma'a da hantsi muka tashi, Yaya Asabe a gaba, mata huɗu a baya da kwanuka a cinyoyinsu, gado da katifa da kabad a sama. An gama girbi, ko'ina an ɗaure kara, gidaje sun yi sababbin danga. Da muka zo rafi na sa giyar yashi, motar ta haye kamar ba ta ɗauko komai ba. Matan baya suka yi guɗa. Ina jin daga nan kaina ya fara kumbura.

A gindin ɗorawar bakin gari Yaya ta ce, "Tsaya nan."

Na ce, "Kabad ɗin nan gilashi ne, wa zai ɗauka a ka? Bari in ajiye ku a ƙofa, ko fitowa ba zan yi ba."

Hujjar da na bayar ke nan. Gaskiyar kuwa, so nake in ga ƙofar da yarinyar za ta shiga, da idona. Na saba in na je wuri in dawo in ba da labari a gida. Na manta, na ɗan lokaci, cewa mai sauraron ba ta nan.

Lungun gidan siriri ne, danga hagu danga dama, irin ta karan dawa dogaye da suka fi tsayin motar. Na san faɗin motata kamar yadda na san faɗin gadona. Na duba, na ga za ta wuce har da ragowar tafin hannu. Faɗin ƙasa na auna. Na sama ya fita daga raina ɗungum.

Mun yi rabi sai na ji motar ta yi nauyi. Na ƙara wuta, ta ƙi. Matan baya suna ta magana gaba ɗaya, kwanuka suna ƙara, ban ji komai ba. Ƙwarewar shekara talatin ta ce min yashi ne. Na miƙa hannu na sa giyar yashi.

Motar nan ba ta taɓa ba ni kunya wajen ja ba, ranar ma ba ta ba ni ba. Ƙugiyoyina shida na gefen hagu sun riga sun kama dangar gidan surukaina. Ta taho gaba ɗaya, da dirkokinta, ta biyo mu kaɗan, sannan ta kwanta.

Awaki suka watse. Matan da ke girki a tsakar gida suka miƙe da muciya a hannu. A kusurwar da ta fi kusa da tagata kuwa, wurin da makewayi yake, taku uku tsakaninmu, ga Malam Haruna, mahaifin ango, tsugune a kan dutse yana wankan Juma'a. Fari fat da kumfa, moɗa a hannu.

Ya jawo bokiti gabansa a hankali.

Ku sani, tsakanina da mutumin nan kunya ce irin ta surukai. In muka hangi juna a kasuwa, ɗaya yakan canza layi. Ko gaisuwar rasuwa ƙannensa ya turo, domin lokacin yana fama da ƙafa. Ba mu taɓa zama kusa haka ba.

Cikin ruɗewa na kashe motar. (Batirinta ya daɗe da mutuwa, in ta mutu sai an tura.) Sannan bakina, ba tare da shawara da ni ba, ya ce, "Salamu alaikum."

Ba a amsa sallama a makewayi. Malam Haruna mutum ne mai kiyaye ƙa'ida. Sai ya yi gyaran murya, irin wanda ake yi don a san da mutum a ciki.

Ya share kumfar ido ɗaya da bayan hannu, ya dube ni, ya gane ni.

"Malam," in ji shi, "ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," na ce.

"Addu'ar sai na fito."

"Ba komai, Malam. A gama lafiya."

Yaya Asabe ce ta cece mu. Ta diro, ta fizgo zanin gadon amarya, ita da wata suka kama gefe biyu suka tare wurin, sun juya baya. "Ku kau da kai, marasa kunya, me kuke kallo?" ta daka wa matan mota tsawa. Ta waiwayo gare ni. "Kai kuma ko ka rufe ido ko ƙasa ta tsage ka shige, zaɓi ɗaya."

Na rufe ido. A haka aka sauke kayan. Ban buɗe ba sai da maza suka zo suka cire karan daga ƙugiyoyi suka tura ni baya baya har bakin gari. Angon yana cikin masu turin. Bai ɗago kai ba, Allah ya yi masa albarka.

Da na iso gida Auta ta tare ni da ruwa. "Baba, an kai lafiya?"

"An kai."

Ban iya kallonta ba. Na san ƙauye. Na san yarinya za ta iya tsufa a gidan miji ana ce mata 'yar mai jan danga, kuma ni na jawo mata. Na shiga ɗakin marigayiya na zauna a bakin gado. Na tuna bokitin, sai dariya ta kama ni, ta farko tun rasuwar. Na san da tana nan sai ta riƙe ciki. Daga baya dariyar ta koma wani abu dabam, na bari ya wuce.

Gab da magariba su Yaya suka dawo a babura. Ta ce gilashin kabad ko tsagewa bai yi ba, matan da suka shiga ganin ɗaki sun yi ta yi wa mai tara kayan addu'a. Ta ce Malam Haruna ya fito cikin babbar riga, ya tara gidansa kaf kafin ya tafi masallaci, ya ce: "Dangar nan gara ta ci ta, da kanta ta faɗi. Duk wanda na ji ya gaya wa yarinyar nan wani labari dabam, ya nemi wani gidan."

Dangar ba ta yi wata guda da kafawa ba.

Yanzu Auta tana da yara biyu a gidan, ta ce ba wanda ya taɓa yi mata maganar, kuma in an yanka kaza surukinta da kansa yake cewa a kai mata cinya. Ranar sunan farko mun zauna tabarma ɗaya da shi, kowa ya duƙufa kallon tururuwa. Na dai lura ya gine makewayin da bulo, shi kaɗai ne na bulo a duk lungun.

Abin da na koya ba shi da yawa. In mota ta ƙi tafiya, ba kullum ne yashi ba. Wani lokacin gidan mutane kake ja. Ka sauka ka duba.