Gatarin da Na Bayar Gyara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutane don in kunyata Isufu ba, ashe kaina na tara wa.

Ina da wata 'yar saba ta wasan gine-gine a waya, wato fili namu na kanmu a intanet inda samarin Sabon Birni da wasu 'yan Nijar muke haɗuwa. Mun gina gari guda a ciki, har da ganuwa da kasuwa. Dokar kamfanin wasan a fili take: mai saba zai iya sayar da kayan kwalliya, hula ko riga, amma ba ya sayar da abin da zai fifita ɗan wasa a kan saura. Da muka ji an rufe sabar wasu samarin garin Isa saboda sayar da makamai, sai na fara lissafi. In aka rufe tamu, garin nan ya tafi ke nan.

Sai hankalina ya koma kan Isufu, wani ɗan Nijar mai shigo da dabino a babur. A cikin wasan yana da wani gatari da ke rushe katanga da sara guda, kowa na kuka da shi. Na yanke hukunci a raina cewa wani wuri ya saye shi.

Ranar kasuwa na kira taro a rumfar mai shayi. Na miƙe tsaye (har da gyaran murya, Allah ya shirye ni), na yi huɗuba a kan adalci, na ce duk wanda ya sayi ƙarfi da kuɗinsa zai ja mana rufewa, kuma yau sai Isufu ya faɗi inda ya samo gatarin, ko in kore shi.

Isufu ya ajiye kofinsa a hankali.

"Yaya, ai kai kab ba ni shi. Ran da nis sayi hula nic ce maka ba gyara, kaj jeho man shi."

Nan take na tuna. Ni ɗan mai awon gero ne, tun tasowata ban taɓa ganin an cika mudu ba a ƙara ɗan tafi a kai ba. Duk wanda ya sayi hula ya ce "ba gyara?", sai in jefa masa abin da hannuna ya kai, ko dubawa ba na yi. Wallahi ban taɓa ɗaukar gyara a matsayin ciniki ba.

Wani daga baya ya ce shi sulke ya samu. Wani ya ce doki. Har mai shayin ya ɗaga hannu. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Isufu ne ya cece ni. Yana dariya ya ce, "Zamna, yaya. Ni za ni hwara mai da nawa." A zaman nan kowa ya dawo da gyaransa, na goge su tas. Kwanaki na yi ina buɗe wayata ina duba ko kamfani ya turo saƙo, amma ba a rufe mu ba. Daɗin da na ji ya fi kunyar, ko da yake kunyar ma ba kaɗan ba ce.

Darasin dai shi ne, kafin ka tsaya huɗuba ka fara laluben aljihunka. Yanzu duk wanda ya ce mini "ba gyara?", sai in ce Allah ya sa albarka. Ita kam kamfani bai hana ba tukuna.