Bokitin da Sabulu Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya rage na haƙuri, mai gyaran agogo na shagon ƙarƙashin bene, a madadin kansa da kifaye bakwai mazauna tankin gilashin falonsa, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Shuɗin Bokiti. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya jiya Alhamis da hantsi, bayan shekara tara cur a bakin aiki.

Ana roƙon jama'a su daina cewa ai ga shi can a baranda yana ƙyalli. Mai gyaran agogo yana da ido, da idon ma yake cin abinci. Ya san marigayi bai fashe ba, bai tsage ba, mariƙinsa yana nan daram. Duk da haka ya mutu, kuma mai musu ya fara kiwon kifi tukuna kafin ya zo a yi magana.

Marigayi ya yi rayuwa ta kamun kai. Ba a taɓa jiƙa wanki a cikinsa ba, ba a taɓa goge daɓe da shi ba, ko ranar da ruwa ya ɗauke bai shiga banɗaki ba. Aikinsa ɗaya ne. Kowace Juma'a da yamma akan cika shi da ruwan famfo a ajiye shi a lungun baranda, baki buɗe, ya kwana ya wuni har warin maganin da ke cikin ruwan ya fice. Ranar Asabar da la'asar sai maigidansa ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tanki da tiyo, ba ƙari, don kifi ba ya son a sake masa duniya gaba ɗaya. Sannan ya tsoma yatsa a tanki, ya tsoma a bokiti, in sanyinsu ya zo ɗaya, a tsiyaya sabon ruwa a hankali bisa ɗan faranti don kada tsakuwa ta tashi. A duk shekarun nan marigayi bai taɓa gaggawa ba. Abin da kawai aka san shi da faɗa shi ne "ƙii, ƙii" in an ɗaga mariƙinsa, da "ɓul, ɓul" in yana ba da abin da ya riƙe.

Game da asalinsa, mai gyaran agogo ba zai ɓoye laifin kansa ba. Shekara tara da suka wuce, shi da hannunsa ya wanke tankin nan da sabulu, ya ɗauraye har sau uku, ya cika shi da ruwa ɗanye daga famfo, ya tafi shago yana jin ya yi abin kirki. 'Yarsa Auta, mai kifayen, tana da shekara goma a lokacin. Ta dawo daga makaranta ta tarar da goma sha ɗaya sun juya ciki sama. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ɗauko matacin shayi ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, uban yana tsaye bai san inda zai sa hannunsa ba. Guda ɗaya ya tsira, wani baƙi mai gashin baki da ake kira Kwamanda. Washegari aka kawo Shuɗin Bokiti, Auta ta rubuta a jikinsa da jan fenti, haruffan suna hawa suna gangara: NA KIFI NE. BABA BANDA SABULU.

Yanzu Auta tana karatu a nesa. Kowace Lahadi takan kira, kuma kafin ta tambayi lafiyar kowa sai ta ce, "Baba, su nawa?" Shi kuma ya ce, "Bakwai."

Ciwon ajali ya zo ne ta hannun alheri. Yayar mai gyaran agogo, wadda ta goya shi a bayanta, wadda har yau take ce masa "yaron nan" alhali furfura ta gama da gemunsa, ta sauka a gidan don ganin likitan ido. Mace ce da ba ta iya zama hannu sake. Jiya, yana shago, ta laluba ta ji santsi a cikin marigayi, ta ce, "Wannan ƙazanta a gidan ƙanina? Ina raye?" Ta samo garin sabulu da maganin cire dauɗa da soson ƙarfe, ta durƙusa ta dirje shi ciki da waje. Idonta bai nuna mata rubutu ba, jan dauɗa ta gani, ta bi shi harafi harafi har ya fita tas.

Da ya dawo cin abincin rana, ƙamshin lemon tsami ne ya tare shi tun daga matakala. Ya ɗaga marigayi ya jujjuya, ya nemi ko da rabin harafi ne bai samu ba. Ya zauna a kan matakalar ya daɗe, abincin ma bai ci ba.

An yi ta ƙoƙarin ceto, ba a musa ba. Uwargida ta ce, "Baban Auta, a ɗauraye shi sau bakwai mana, a shanya a rana." Mai kantin magani na kusa da shago ya ce ruwan zafi da gishiri. Amsa dai ɗaya ce: soson ƙarfe ya kakkarce robar, sabulu ya shige cikin karcen, kuma abin da hancin mutum ba ya ji, kifi da shi zai yi numfashi. Yaya kuwa ta ɗauki abin da zafi. Yau da safe ta cika marigayi da ruwa da kanta, ta dire shi a gaban tanki, ta ce, "Yaron nan, ni zan wanke maka kaya ka ce na yi kisa? Ko ka zuba ruwan nan, ko in haɗa jakata."

A sani, mai gyaran agogo bai taɓa yi wa Yaya musu ba tun da ya fara magana. Ta ce zauna, ya zauna, ta ce ga matar da ta dace da kai, ya ce to, kuma bai yi nadama ba. Yana ƙaunarta, ya san don ƙauna ta yi, zai ba ta haƙuri safe da yamma har ta gaji. Amma wallahi ko cokali ɗaya na ruwan nan ba zai shiga tankin ba. Ya ɗauke shi a gabanta, ya juye a magudana. Jakar tana nan a bakin ƙofa, an zuge ta, ba a dai fita da ita ba tukuna.

Marigayi ya rasu ya bar tiyo mai tsawon kamu huɗu, 'yar ragar kamun kifi, faranti mai ɓallen baki, da soson tace ruwa wanda shi ma bai san sabulu ba, da tsohon ruwan tanki ake matse shi. Ya bar kifaye bakwai, babbansu Kwamanda, wanda ya ga wancan bala'in da idonsa. Ya kuma bar magaji, wani farin bokiti da aka cika ɗazu, yana lungun baranda yana koyon haƙuri. Mai gyaran agogo ya yi masa rubutu da jan fenti. Rubutun ya fito a miƙe, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, kuma ba ya son kallonsa.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe huɗu a baranda, kafin canjin ruwa. Za a huda gindin marigayi da ƙusa sau bakwai, don kada wani mai tausayi ya sake ɗibar ruwa da shi, ko da mai gyaran agogon ne kansa a ranar da zuciyarsa ta yi rauni. Za a cika shi da ƙasa a shuka fure, a riƙa ba shi tsohon ruwan tanki duk mako. An tanadar wa Yaya kujerar gaba mai matashi, in ta ga dama. Masu zuwa ta'aziyya kada su tsoma hannu a tanki, masu shawarar ɗauraya kuma su yi zamansu a gida. Ba za a yi zaman makoki ranar Lahadi ba, domin mai gyaran agogo zai kasance kusa da waya. Labarin bokiti zai faɗa mata da bakinsa, amma sai bayan ya ce bakwai.