Gonar Barakatu da Auren Mahadi

"Lafiya lau, mijin banza. Ina gajiyar riƙon alƙalami?"

Haka tsohuwa Barakatu ta amsa gaisuwar jikanta Mahadi, tana suyar gahawa a ƙofar ɗaki, ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuwa ransa a ɓace yake, kuma da gaskiyarsa. Tunda ya dawo hutu daga makaranta a garin Sinja, tsohuwar nan ta bi ƙauye gida-gida tana cewa boko ya kashe masa hannu, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Magana ta kai kunnen Maliki, uban Raliya da yake nema, shi ko ya rantse ba zai ba rago 'yarsa ba.

"Kaka, ki ji tsoron Allah! Maliki ya daina amsa sallamata."

"To je ka ce ƙarya nika yi mana. Na riƙe maka baki?"

"Na faɗa! Dariya suka yi."

"Awo, sun san ka."

"Ke dai ba ki san komi ba sai gahawa da sharri. A Turanci akwai wata kalma, rifiyut. Malaminmu ya ce ba a faɗinta don mutum ya yi musu kawai, sai in ya kawo hujja ta rushe maganar."

"Ya salam! To rushe ni, ga ni zaune."

Mahadi ya shimfiɗa mata tafukansa. Duk sun yi bororo, wasu har sun fashe.

"Wannan fa?"

"Shayi ne ya ƙona ka."

"Shayi? Tashi ki je hawasharki, gonar nan taki, ki gani! Tun daga bakin ruwa har iyakar gonar maƙwabcinki Jibirin na nome dawar nan tas. Maliki na tsaye a gonarsa yana kallona."

"Har kusurwar nan mai ƙaya?"

"Har ita!"

Tsohuwa ta tuntsire da dariya har ta kusa kifar da kasko.

"Alhamdu lillahi! Tun farkon damina nika roƙon kawunnanka su nome mini gonar nan, kowa sai ya ce gobe."

Mahadi ya dafe kai.

"Kaka! Don ciyawa kika kusa kashe mini aure?"

"Halas, shi ke nan, ka rushe ni." Ta miƙa masa finjali, ta jawo mayafi. "Sha, bari in je wa Maliki in ce ni na yi ƙarya. Amma a gaggauta auren nan, don auduga na fashewa zan tuna wani aibin naka."