Yadda Na Samu Kujera a Masallaci

Ranar da na fara zuwa motsa jikin safiyar Asabar a filin wasa na Pantami, mai horar da mu, Koci Emeka, ya dubi tumbina ya ce, "Alhaji, ɗaya za ka zaɓa: ko gudu mai zafi zagaye biyu, ko sassarfa zagaye takwas. Kada ka haɗa."

Na sanar da shi cewa ni na yi wa makarantarmu tsere. Ban ga amfanin faɗa masa cewa shekara ashirin da biyar ke nan ba. Na ɗauki zagaye takwas da zafinsu, har ina ɗaga wa mutane hannu. A na biyar na zauna kan ciyawa kamar mai gyara igiyar takalmi.

Washegari cinyoyina suka ƙi lanƙwasuwa. Da azahar liman ya tafi sujada, ni na maƙale a hanya. Aka kawo mini kujerar roba, aka ajiye ni kusa da Baba Sale, tsohon da ya haura tamanin. Mako guda muka yi tare.

Na warke tuntuni, amma har yau in na shigo masallaci sai Baba Sale ya dafa kujerar gefensa ya ce, "Ɗan tsere, na riƙe maka wurinka."