Darmaji Ya Zo Koya wa Mutanen Nagano Ƙanƙara

"Ni da ƙanƙara shekararmu ashirin tare. Ta san ni, na san ta. In ta ji muryata ma laushi take yi."

Da wannan Darmaji ya gabatar da kansa ranar da ya sauka daga bas a ƙauyenmu na gindin dutse, cikin Nagano ta ƙasar Japan. Kuma kada ka yi saurin cewa ƙarya yake. Shekara ashirin ya yi yana fasa ƙanƙara da guduma yana ɗibar wa masu kifi a kasuwar Surabaya, can ƙasarsu mai zafi. Wadda ke zubowa daga sama ce dai bai taɓa gani ba sai a waya.

Masaukin Iya Tsuruko da mijinta Baba Genzo aka turo shi. Tsarin ba wuya: ka yi aikin awa biyar, a ba ka gado, a ciyar da kai, ragowar yinin ka hau dutse ka yi zamiya a kan ƙanƙara son ranka. Sati guda na gwaji ne, in ba ka yi ba, bas ɗin da ya kawo ka bai manta hanya ba. Gogan naka kuwa a takarda ya rubuta wai shi malamin zamiya ne, a gida kuma ya sanar da unguwa kaf cewa Japan ce ta aiko a ɗauko shi.

"Ɗan nan, ga riga mai kauri," in ji Iya.

"Iya, bar ta ga masu jin sanyi." Haƙoransa kuwa har sun fara kiɗan kalangu.

Washegari da safe Baba ya miƙa masa shebur ya share dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙofar gida. Darmaji ya dubi shebur, ya dubi tsoho, ya girgiza kai da tausayi.

"Baba, shekara nawa kuna wannan wahalar?"

"Arba'in da ɗoriya."

"To yau ilimi ya iso garin nan."

Ya shiga kicin ya jido ruwan zafi bokiti shida, ya kwarara daga bakin ƙofa har titi. Nan take fari ya ɓace, hanya ta fito tas. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran tafi. Kafin a gama karin kumallo ruwan ya daskare ya zama gilashi. Wani baƙon masaukin, likitan haƙori daga Osaka, shi ne ya fara fitowa, sai ga shi ya tafi da mazaunai har bakin titi, kofin shayinsa a hannu. Matarsa ta fito ceto, ta wuce shi. Darmaji ya fito da gudu zai yi bayani, ya wuce su duka biyun.

"Iya, ruwanku ne ba shi da kyau," ya ce da aka ɗago shi. "Namu in ya narkar, ya narkar ke nan."

Iya ta dube shi. Ta ɗaga yatsa ɗaya, laifi na farko ke nan.

Kwana biyu bayan nan aka sa shi sauke dusar ƙanƙarar da ta danne rufi. Baba ya ce, "Ta baya za ka zubar, ɗan nan, can inda ba kowa."

"Baya ta yi nisa, Baba. Mai basira gajeriyar hanya yake bi."

Ya zubar ta gaba. Da ya sauko yana huci, rufi fes, sai likitan haƙori ya fito yana ɗingishi da jakarsa, ya gaji zai koma gida.

"Malam, ina motata?"

Awa uku aka yi ana tono. Iya ta ɗaga yatsu biyu.

To, a masaukin akwai Fuyumi, 'yar su Iya, shugabar masu ceto a kan dutsen, mace ce da ba ta dariya sai da dalili. Tun da Darmaji ya ɗora ido a kanta ya ƙudura cewa ita za ta ga gwanintarsa da idonta. Ranar Asabar ya ari katakan zamiya, ya ɗaura su a ƙafa da kyar, ya tako yana tafiya kamar agwagwa mai ciwon baya.

"Malam Darmaji, ka fara da gangaren koyo mana," in ji ta.

"Ƙanwata, wannan ai cin fuska ne. Ina mafi tsawon?"

Ya zauna a kujerar da ke rataye a igiya tana kai mutane ƙololuwa. Hawa dai ba wuya, kujera ce ke ɗibar mutum. Wajen sauka ne ba wanda ya gaya masa kujerar ba ta tsayawa. Yana isa sama ya ga kowa na miƙewa yana sulalewa, shi kuwa ya ƙanƙame ƙarfe, kujera ta yi kwana ta dawo da shi ƙasa.

"Lafiya?" Fuyumi ta ɗaga murya.

"Ina nazarin hanya ne!"

Ya sake zagayowa.

"Har yanzu nazarin ne?"

"Aikin ƙwararru ba a gaggawa!"

A zagaye na uku mai inji ya kashe komai, mutum ɗari suka tsaya cak a sararin sama, aka ɓamɓare Darmaji daga kujera aka tsayar da shi. Ya juya zai yi wa mai injin faɗa, ya ba gangare baya. Katakai ba su jira ya gama magana ba.

Jama'a, da baya ya sauko dutsen nan. Yana salati da ƙarfi, yana kiran uwarsa da sunanta na yanka. Ya rungumi tutar gargaɗi, ta bi shi. Ya cafki ragar shinge, ita ma ta bi shi, har da turakunta. A ƙarshe ya afka tulin dusa bayan shagon taliya, kai a ciki, ƙafafu a sama, kamar an dasa rogo.

Fuyumi ce ta jawo shi ta ƙafa. Da ta tabbatar babu karaya, sai ta zaro waya.

"Kalli nan."

Mutumin naka, gira duk fari, hanci na yoyo, ya gyara tsayuwa ya ɗaga babban yatsa.

Da la'asar Iya ta ce ya haɗa kayansa. A nan ne jikinsa ya yi sanyi na gaske, don ya tuna unguwa guda da ta raka shi tasha. Baba ne ya sa baki.

"Haba, bar shi ya riƙa wanke-wanke. Tun da na aure ki ban taɓa ganin kin yi dariya har da riƙe bango ba sai yau."

Iya ta yarda. Kafin gari ya waye Darmaji ya mayar da labarin cewa roƙonsa aka yi ya zauna.

Ranar Litinin ya raka Baba kai sababbin baƙi wajen hawa kujeru, sai ya yi turus. Ga hotonsa nan ƙato a jikin allo, yatsa a sama, da jan rubutu a ƙasa. Japananci yana ɗan ji a baki, amma rubutun bai san ko ɗigo ba. Ya buɗe hannuwa.

"Ku matso, ku matso! Sati ɗaya kacal, ga shi har sun karrama ni. Baba, karanta musu, da ƙarfi, na baya su ji."

"Ɗan nan, a bar shi mana."

"Kunyar me? Karanta!"

Baba ya gyara tabarau. "Sanarwa ga ma'aikata. Duk wanda ya ga wannan mutumin ya doso kujera, ya kashe inji, ya kira Fuyumi."

Wuri ya kaure da dariya. Darmaji ya ɗaga hannu.

"Ku dakata, bai gama ba. Ga ƙananan rubutu can ƙasa, a nan ake sa yabo. Ai na san tsarin."

Baba ya sunkuya, ya karanta a hankali.

"Kada a tsaya yi masa bayani. Zai ce ya sani."