Jirgin da Aka Yi wa Rumfa

Wani mutum ne a nan Lamu, ubansa ya rasu ya bar masa jirgin ruwa.

Jirgin katako ne, tsoho tukuf, irin mai tafiya da iska, mai ƙaton ƙyalle guda. Shekara arba'in uban, wanda kowa ke kira Nahoda, yana jigilar mutane da buhuna da awaki a cikinsa tsakanin Lamu da tsibirin da garinsu Siyu yake. A inda yake zama ya riƙe sandar juya jirgi, katako har ya lotsa daidai diddigensa. Shi kuwa ɗan, in ya hau ruwa sai amai. Aikinsa goge tebura a wani masaukin Turawa a Shela. A nan ya koyi cewa abu in mai daraja ne, inuwa ake sa shi, a riƙa bin sa da tsumma.

Da aka yi sadakar arba'in, sai ya je duba gadonsa. Ya leƙa ciki. Ruwa kwance a ƙasa, ya kai idon sawu. Ga rabin jarkar da tsohon ke kwalfe shi da ita kowace safiya, tana yawo a kai ita kaɗai, kamar mai neman maigidanta.

Sai hawaye.

"Wayyo Baba. Shekara arba'in jirgin nan yana kwana a jiƙe, ba a samu mai tausaya masa ba."

Kafin azahar ya tara ƙarti ashirin da jakai huɗu. Aka ja jirgi, aka ja, har aka kai shi kan tudu inda ko ruwa ya cika ba ya isa. Ya kafa turaku, ya yi masa rumfar ganyen kwakwa. Ya shiga da tawul ya tsane shi lungu-lungu.

Yana cikin tsanewa sai ga Fundi Lali, masassaƙin jirage, aminin marigayi. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai ɗan Nahoda, me nake gani haka?"

"Hutu na ba shi, Baba Lali."

"Hutu? Jirgi ne ko ma'aikacin gwamnati?"

"Ruwa ke shigarsa."

"Wane jirgin katako ne ruwa ba ya shiga? Ruwan nan shi ke kumbura katakan su matse juna. In ka shanya shi tsukewa za su yi, kowanne ya saki ɗan'uwansa. Kwana biyu ake fitar da jirgi. A kankare, a toshe, a shafe, a mayar."

"Baba Lali, da girmanka. Ƙofar gidanmu ta katako ce. Ta fi shekara ɗari, ba a taɓa jiƙa ta ba, ga ta nan tsaye."

"To ka hau ƙofar ka je Siyu."

Fundi ya kaɗa kai ya tafi.

To a bakin ruwan akwai 'yan zaman benci. Shugabansu Famau, wanda ya ce shi ya taɓa tuƙa jirgi har Maskat, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ruwa ya wuce masa gwiwa sai a banɗaki. Mutumin nan ya aika musu da butar gahawa da faranti na alewa. Famau ya kurɓa, ya lashi yatsa.

"Gaskiyarka, ɗan'uwa. Rabu da Lali, kan tsofaffi ne. A Maskat duk jirgin mutumin kirki a inuwa yake."

Sauran suka ce, "Ƙwarai kuwa. A inuwa." Suka miƙo kofuna.

Bayan sati ɗaya mutumin ya lura da wari. Ai kun san man hantar kifin nan da ake shafa wa jirgi don kada katako ya ruɓe, wanda in ya taɓa rigarka sai dai ka yi sallama da ita. Jirgin ya sha shi shekara arba'in. Mutumin ya toshe hanci.

"Haba! Jirgin Baba guda yana wari kamar mushe?"

Ya kawo sabulu da soso da bokiti. Kwana biyar yana dirza. Yana dirzar ne ya ga wani baƙin abu cushe a tsakanin katakai, daga goshin jirgi har bayansa. Ya sa ƙusa ya zaƙulo. Auduga ce, ta yi baƙi ƙirin da mai.

"Ka ga rashin imani! Tsummokara suka cusa masa!"

Ya zauna ya zare ta kaf, layi-layi, ya tara tuli ya ƙona. Ya yayyafa ruwan wardi. Ya kunna turaren wuta ya zagaya jirgi sau uku kamar ɗakin amarya.

Fundi Lali ya hango hayaƙi ya rugo, yana zaton jirgin ne ke ci. Da ya ga abin da ke ci, sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Audugar ka cire?"

"Duka. Ko zare ban bari ba."

"Ni da ubanka muka buga ta da guduma. Ita ce ke tsakaninka da teku, yaro!"

"Shi ya sa ai na kawo shi inda babu teku."

Famau daga kan benci ya ce, "Magana ta ƙare!" An ƙaro alewa a ranar.

Da yamma sai ga uwarsa, Bi Zuena, tana dogara sanda, don idonta ya fara yin yana. Ta zo har jikin jirgi. Ta kai hanci ta shaƙa. Ta matsa gaba ta sake shaƙa. Ta ɗago kai.

"Ina warin?"

"Na wanke shi, Mama. Ba ke ce kullum kike korar Baba waje ya cire riga ba?"

"Ni ce. Shekara arba'in ina korarsa." Ta shafa katakon da tafin hannu. "Tun da ya tafi, nan nake zuwa in same shi. Yanzu ka mai da min shi shagon turare."

Washegari mutumin ya sayo busasshen kifi guda ya rataye a rumfar, don in ta zo.

Ba ta sake zuwa ba. Kyanwoyi ne suka zo.

Wata ya bi wata. Rana ta yi aikinta. Katakai suka fara tsukewa, kowanne ya ja jikinsa kamar 'yan'uwan da aka raba wa gado. Da farko zare ke wucewa. Sai yatsa. Kafin wata shida, in yana ciki yana goge-goge maƙwabci ya zo wucewa, ta jikin jirgin suke musabaha. Wata kyanwa ta shiga ta gefe ta haihu, ta fita da 'ya'yanta ta ɗaya gefen ba tare da ta sunkuya ba.

Turawan Shela suka ji labari suka fara zuwa. Hasken rana na ratsowa layi-layi ta tsakanin katakan, su kuwa sai ɗaukar hoto suke, suna dafa ƙirji. Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin jirgi mai kyau haka ba.

Mutumin ya dubi Fundi Lali. "Ka ji ko? Daga Turai fa ta zo."

"A cikinsa ta zo?"

To Nahoda a Siyu aka binne shi, wajen iyayensa. Da shekara ta zagayo aka sa ranar addu'a a can. Saura kwana huɗu Bi Zuena ta kira ɗanta.

"Kai. Da ubanka yana kan shimfiɗar ajali na yi masa alkawari. Na ce ranar addu'arsa a jirginsa zan zo masa, ba a na wani ba. Ka mai da shi ruwa."

"Mama, zai jiƙe fa."

"Ka mai da shi ruwa, na ce."

Ba yadda ya iya. Ya tafi wajen Fundi, kai a sunkuye. Fundi ya zo ya zagaya jirgi, ya zura hannu har gwiwar hannu ta nan, ya zaro ta can.

"Hanya ɗaya ce. Yau ɗin nan a kai shi inda ruwa bai da zurfi, a loda masa duwatsu ya nutse. Ya kwana uku yana sha. In ya kumbura a tsamo shi, in tara mutanena mu buga sabuwar auduga, mu shafa mai. In Allah ya so uwarka ta isa."

Mutumin ya ja da baya.

"In nutsar da jirgin Baba? Da hannuna? Da gangan?"

"Da gangan yau, ko ba da gangan ba ranar Alhamis. Zaɓi."

Famau ya miƙo wuya. "Kada ka yarda! Ka taɓa jin an nutsar da jirgi don kada ya nutse? Ni zan tuƙa muku. Ni da na keta tekun Maskat."

Sai mutumin ya yi nasa gyaran. Ya shimfiɗa tabarmi a ƙasan jirgi, ya ɗora dardumai. Ya lulluɓe gefe da gefe da sababbin zannuwa masu furanni, ya danne da ƙusoshi. Ya ja baya ya duba. Ko rami ɗaya ba a gani.

Ranar Alhamis da safe gari ya fito. Aka dawo da ƙarti da jakai. Fundi Lali ya tsaya kai da fata a tura jirgin ta gefen da ruwa iyakarsa ƙirji. Ga Bi Zuena cikin baƙin mayafi, an riƙo mata ƙatuwar tukunyar shinkafa da nama ta sadaka. Fundi ya tare ta.

"Bi Zuena, don Allah kada ki hau."

"Mamaci na yi wa alkawari, Lali. Matsa."

Ta hau. Ta zauna a tsakiya, tukunya a cinya. Famau ya zauna a mazaunin Nahoda da sabuwar hula. Mutumin ya tsaya a gaba riƙe da tawul. Aka yi bisimilla aka tura.

Jirgi ya taɓa ruwa ya yi wani dogon nishi, irin na mai azumi da aka miƙa wa kofi.

Tabarmi suka fara tasowa. Dardumai suka biyo baya. Zannuwa suka kumbura ciki kamar masu juna biyu.

Famau ya duba ƙafarsa. "Ɗan'uwa, a Maskat in aka ga haka..." Bai ƙarasa ba ya dira waje. Ashe bai iya iyo ba. Yana ihu yana dukan ruwa yana kiran sunan uwarsa, har sai da wata mai tallar ƙosan wake daga gaɓa ta ce masa, "Miƙe tsaye mana, jarumin Maskat!" Ya miƙe. Ruwa a cibiya.

Shi kuwa mutumin yana ta tsanewa da tawul, ya matse a waje, ya sake tsanewa. Wani ƙaramin kifi ya shigo ta dama, ya duba, ya fita ta hagu.

Jirgi bai yi gaba ba, bai yi baya ba. Ƙasa ya yi, a hankali, cikin mutunci, har ya zauna a kan yashi. Bi Zuena ba ta motsa ba. Ruwa ya kai mata ƙugu, ta ɗaga tukunya zuwa ƙirji. Ya kai ƙirji, ta ɗora ta a ka. Daga gaɓa ba a ganin komai sai gungumen tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle, da kan tsohuwa, da tukunya tana tururi.

Ta juyo ta dubi ɗanta.

"Ɗan nan, mun iso Siyu ne, ko wajen uban naka kai tsaye za ka kai ni?"

Fundi Lali ya kutso cikin ruwa da mutanensa, suka karɓi tukunya, suka cicciɓi tsohuwa. Sannan ya juyo wajen mutumin, wanda ke tsaye ruwa har ƙirji, tawul a ka.

"To, ɗan Nahoda. Yanzu ka gani?"

Mutumin ya furzar da ruwan gishiri.

"Ni ko ku? Wata goma sha ɗaya yana hannuna ko ɗigo bai shige shi ba. Yau ɗaya da kuka sa na mai da shi ruwa, dubi abin da kuka yi masa!"